Tubali, birgi da bulo: sharhi a kan gidajen "Niamey 2000"

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu yi sharhi a kan rukunin gidaje shida masu bene da aka kammala a birnin Yamai a shekarar 2016, waɗanda ake kira "Niamey 2000". Ƙungiyar masu zanen gini ta united4design ce ta tsara su, cikinsu har da Mariam Issoufou, ƴar Nijar. Abin da ya ja hankalinmu shi ne da birgin ƙasa aka gina su, a garin da bulon siminti ya zama alamar samun wuri. Tambayarmu ita ce: shin aikin ya maido wa ƙasa darajarta?

2. Kalmomi uku

Kafin mu shiga cikin batun, ya kyautu mu bambance abubuwa uku. Tubali shi ne curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana, magini ya jera shi kai sama ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Birgi, daga Faransanci brique, shi ne mai kusurwa huɗu da ake bugawa a cikin ƙwarya ta katako ko ƙarfe. Bulo kuwa na siminti da rairayi ne.

Bambancin bai tsaya ga siffa ba. Tun da Yamai ta zama babban birnin mulkin mallaka a 1926, harshen ofis ya raba gini biyu: na banco, da wanda ake ce wa en dur ko en matériaux définitifs, wato mai ƙarfi, na dindindin. Ke nan an yanke wa ƙasa hukuncin zama ta wucin gadi tun a cikin suna. Alhali kuwa hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

3. Abin da aikin ya cim ma

Masu zanen sun yi amfani da birgin da ake matsewa da inji, a gauraya ƙasar da ɗan siminti kaɗan. Bango mai kauri na ƙasa yana jinkirta shigar zafi, ya sake shi da dare. Wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu ya san amfanin wannan. Haka kuma sun ce tsofaffin birane irin su Damagaram da Kano da Tumbutu ne suka zama musu abin koyi: gidaje a matse, kowane da tsakar gidansa, sirrin iyali a rufe. A ganinmu nan ne ƙarfin aikin yake. Ya nuna cewa ma'aikaci mai matsakaicin hali zai iya zama a gidan ƙasa a babban birni ba tare da jin kunya ba. Shigarsa cikin jerin ayyukan da aka tantance don kyautar Aga Khan ta 2022 ya ƙara masa suna.

4. Inda muke da ja

Amma fa akwai abin dubawa. Na farko, birgin inji ba tubali ba ne. Ginin gargajiya ilimi ne da ke hannun magina: sanin ƙasar da za a haƙa, da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa don kare bango daga ruwa, da azarar giginya, da bakan gizo. Falke Barmu, wanda ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, ya sami kyautar Aga Khan a 1986 da wannan ilimi, ba da inji ba. In ƙasa ba ta samun karɓuwa sai an yi mata kamannin bulo, to har yanzu bulo ne ma'auni.

Na biyu, gida shida ba su warware matsalar talaka. Ambaliyar kogin Isa ta 2020 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a Yamai, kuma a watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai ƙarfi. Masu kushe ƙasa sun sami hujja. Sai dai abin da ke kashe ginin ƙasa sananne ne: gini a kwari, harsashi marar kariya, indararo da ya toshe, da barin yaɓe kafin damina. Ginin ƙasa yana buƙatar a riƙa kula da shi kowace shekara, kuma ɗan haya ba ya yaɓe gidan wani.

5. Kammalawa

A taƙaice, "Niamey 2000" ya ci nasara a matsayin hujja, amma bai isa zama magani ba. Mun fi samun gamsuwa da aikin Dandaji na 2018, inda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu tare da maginan yankin. Can ne hannu da inji suka haɗu. Har yau Bahaushe na cewa an aza tubalin abu in an kafa shi da kyau. Ya rage ga hukumomin tsara birane su daina kiran ginin ƙasa na wucin gadi, su kuma shigo da magina cikin horon masu zanen gini.