Gayu, Caji da Fawa: Sharhi a kan Matsayin Wasu Kalmomin Ingilishi a Hausar Ƙasar Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Sarkin Yamma gunduma ce ta karkara a yankin Madarunfa cikin jihar Maraɗi. Tun zamanin mulkin mallaka Faransanci ne harshen makarantar boko a wannan yanki, amma in samarin wurin za su yabi ado ko zafin naman ɗan'uwansu, sau da yawa kalmomin Ingilishi ne suke faɗowa bakinsu. Hanyar shigowar kalmomin ba ɓoyayya ba ce. Akwai titin da ya bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, da ƴan ci-rani masu zuwa Kano da Ikko, da gidan rediyon Kaduna, da finafinan Kano tun daga Turmin Danya na 1990, sa'an nan wayar salula.

A watan Maris na 1925 babu wanda zai damu da wannan batu. A watan Maris na 2025 kuwa, sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan aikin tsara ƙamus da littattafan karatun manya ya ƙara nauyi, kuma tilas a san inda za a ajiye irin waɗannan kalmomi.

2.0 Ra'ayoyi biyu da ake sharhi a kansu

Ra'ayi na farko shi ne na masu cewa a kore su baki ɗaya, domin zanen aro ba ya rufe katara. Hujjarsu ita ce Hausa ba ta rasa nata ba: ga kuzari, ga karsashi, ga kazar-kazar, ga kwarjini da farin jini. Ra'ayi na biyu na masu gaggawar fassara ne, waɗanda suke jera kalmar aro daura da ta gida, su ce wannan ita ce waccan. Duka ra'ayoyin biyu sun ginu a kan zato guda, watau cewa baƙuwar kalma ta zo ne ta zauna a gurbin ta gida. Nazarin yadda ake amfani da su bai goyi bayan wannan zato ba.

3.0 Shaidar aikatau

Hanya mafi sauƙi ta gane ma'anar suna ita ce a duba aikatau ɗin da yake tafiya da shi. A dubi waɗannan misalai, inda tauraro yake nuna jimlar da kunnen Bahaushe ba ya karɓa:

(1) Ta ci gayu.
(2) *Ta ci farin jini.
(3) Allah ya ba ta farin jini.

Asalin gaye kalmar Ingilishi ce mai nufin mutum ko saurayi. Da ta shigo sai ta sami jam'i irin na Hausa, gayu, daga bisani jam'in ya koma sunan hali, har aka sami ɗan gayu da ƴar gayu. Aikatau ɗinsa ya nuna danginsa: ana cin gayu kamar yadda ake cin ado da kwalliya. Abu ne da ake saye a kasuwa, a sa da safe, a tuɓe da dare. Farin jini kuwa baiwa ce, kishiyarsa baƙin jini, kuma mai tsumma yana iya samunsa ɗan gayu ya rasa.

(4) Cajinsa ya ƙare.
(5) Kansa ya ɗau caji.
(6) Tsohon nan yana da kuzari.

Caji ya fito daga batirin mota da na waya, kuma bai rabu da hoton asalinsa ba: ƙarfi ne da ake ɗurawa daga waje, ya cika, ya sauka. A misali na (5) ma ba yabo ba ne, ruɗewa ce ko ɗaukar zafi. Kuzari kuwa a jikin mai shi yake, shi ya sa ya dace da tsohon da bai fasa zuwa gona ba.

Haka abin yake tsakanin fawa, wadda wasu suke furtawa pawa, da kwarjini. Mai fawa shi ne mai kuɗi ko muƙami ko uban gida, kuma ranar da kujera ta tafi fawa ta bi ta. Kwarjini kan cika idon mai kallo ko da mai shi ba ya riƙe da komai. Akwai kuma matsalar rubutu, domin in an rubuta fawa ba a bambanta ta da sana'ar mahauta, wadda a karin harshen Maraɗi ake furtawa hwawa.

Abin da misalan suka nuna shi ne, kalmomin aron nan uku sun taru a gefe guda, gefen abin da ake samowa daga waje kuma yake ƙarewa. Na gida sun riƙe gefen hali da baiwa. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Hausa. Himma da haiba da nishaɗi duk daga Larabci suke, kuma nishaɗi, wanda a Larabci yake nufin kuzari da motsa jiki, ya karkata a Hausa zuwa jin daɗi da annashuwa. Da an kore shi a lokacin da ya shigo, da harshen ya yi hasara.

4.0 Abin da ya kamata masu tsari su lura da shi

Na farko, ƙamus ya shigar da waɗannan kalmomi tare da jimlolin misali da bayanin masu amfani da su. Ƙamusun Bargery na 1934 har yau ana komawa gare shi saboda yawan misalansa da nuna yankin da kalma ta fito, kuma wannan tafarki ne abin bi.

Na biyu, a yi hattara da fassarar kalma da kalma. Ingilishi da Faransanci suna amfani da kalma ɗaya ga ƙarfin jikin mutum da abin da yake tafiyar da inji. Hausa ta raba su: kuzari na mutum, makamashi na murhu da inji. Darasin abinci mai gina jiki da ya ce kunun gero da ƙuli-ƙuli suna ba yaro makamashi, uwar da take karatu a ajin manya za ta ga kamar an mai da ɗanta murhu.

Na uku, littafin farko na mai koyo ya fara da kalmomin da tsoho da yaro suka yi tarayya a kansu, watau kuzari da kwarjini da farin jini. Gayu da caji su shigo a labarai da hirarraki, a bakin waɗanda suke faɗinsu.

5.0 Kammalawa

Mai magana a Sarkin Yamma ya riga ya yi wa waɗannan kalmomi masauki, ya san wadda ake ci da wadda Allah yake bayarwa. Aikin da ya rage ga manazarta shi ne su saurare shi a kasuwa da dandali da majalisar dattawa, su rubuta rabon da ya yi kafin su buga littafi.