Taswirorin Tafkin Chadi: Abin da Zane Ya Nuna da Abin da Ya Ɓoye

Da wuya a sami malamin labarin ƙasa a cikinmu wanda bai san jerin taswirorin nan na Tafkin Chadi daga 1963 zuwa 2001 ba. A ta farko shuɗi ya mamaye takarda, a ta ƙarshe ya koma ɗan ɗigo. Ɗalibi na gani ya fahimta. To, amma me ya fahimta?

Da farko dai, jerin ya soma ne daga lokacin da tafkin ya cika maƙil, wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin farin 1973 da na 1984. Na biyu, ruwan sarari kaɗai aka ba shuɗi. Wanda ciyayi suka lulluɓe ya fito kore, sai ka ce tudu. Na uku, an tsaya a 2001, alhali awon da aka yi daga baya ya nuna tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba.

Saboda haka mai kallo yakan ɗauka tafkin mutuwa yake yi, nan kuwa tafki ne marar zurfi, mai cika da janyewa. Wajibinmu ne mu koya wa ɗalibai su tambayi kowane zane: daga wace shekara aka fara, me kuma aka bari?