Mayyar Michelet a gaban takardun kotu

A cikin La Sorcière (1862), Jules Michelet ya ɗauki mayyar Turai a matsayin likitar talakawa, masaniyar saiwoyi da ganyaye, wadda coci ya ƙona saboda iliminta. Ehrenreich da English sun farfaɗo da wannan ra'ayi a 1973. A ganinmu, takardun kotuna ba su goyi bayansa ba.

Gaskiya ne, cikin mutane 40,000 zuwa 60,000 da aka kashe tsakanin 1450 da 1750, kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari mata ne. Amma David Harley ya nuna a 1990 cewa ba a cika tuhumar ungozoma ba. Sau da yawa ma ita kotu ke sa wa ta duba jikin wadda ake zargi. Galibin matan tsofaffi ne matalauta, waɗanda rigimar maƙwabtaka ta kai gaban alƙali. A Normandi kuwa, maza suka fi yawa.

Ta fannin kimiyya ma, masana ba su tsaya gefe guda ba. Likita Johann Weyer ya soki shari'o'in a 1563, amma Joseph Glanvill, ɗan Royal Society, ya dage cewa maita gaskiya ce. Abin da ya rage kisa a Faransa tsaurin hujja ne: daga 1624 babbar kotun Paris ta tilasta a kawo mata kowane hukuncin maita ta sake dubawa.

Don haka muna ganin ya kamata ɗalibanmu su karanta Michelet a matsayin shaidar adawa da coci a ƙarni na 19. Tarihin matan da aka ƙona kuwa, sai a neme shi cikin kundin kotuna.