Simfoni na 7 na Allan Pettersson: Kiɗan da Ba Ya Ba da Sauƙi a Araha

A ranar 13 ga Oktoba, 1968, ƙungiyar makaɗa ta Filharmoni ta Stockholm, ƙarƙashin jagorancin Antal Doráti, ta gabatar da Simfoni na 7 na Allan Pettersson a karon farko. Mai kiɗan yana da shekara 57, ya kwashe shekaru yana rubuce-rubuce ba tare da ƙasarsa Suwidin ta kula shi sosai ba. Daga wannan dare sunansa ya fita. Doráti ya naɗe aikin a faifai a 1969, faifan kuwa shi ya kai Pettersson kunnuwan duniya.

An haifi Pettersson a 1911, ya tashi a Södermalm, unguwar talakawan Stockholm a wancan zamani. Mahaifinsa maƙeri ne, mashayi mai saurin hannu. Mahaifiyarsa mace ce mai ibada, mai rera waƙoƙin coci. Ya shiga makarantar kiɗa a 1930, ya yi shekaru yana goga biyola a ƙungiyar makaɗan birnin, sannan ya tafi Faris a farkon shekarun 1950 ya yi karatu wurin René Leibowitz. A wannan tsakanin ne amosanin gaɓɓai ya kama shi, ya yi ta cin jikinsa har hawa da sauka daga benen gidansa ya gagare shi. A cikin wannan hali ya rubuta Simfoni na 7, tsakanin 1966 da 1967.

Aikin dunƙule yake, babu rabe-raben babi kamar yadda aka saba a simfoni, kuma yana ɗaukar minti 40 da 'yan kai ba tsayawa. Yana farawa ne can ƙasa, manyan kayan goge suna nanata ɗan gajeren sauti. Ba da jimawa ba sai ƙahonin ƙarfe masu kaurin murya su shigo da wasu sautuka kaɗan, a hankali, da nauyi. Waɗannan sautuka su ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Sukan ɓace, kiɗa ya tashi ya yi ƙara, ƙaramar ganga ta yi ta rugugi, komai ya kusa tarwatsewa, sai ga su sun dawo yadda suke, ba ƙari ba ragi, kamar mai bin bashi da ya san ƙofar gida.

Gwanintar Pettersson tana ga yadda ya ja wa mai sauraro rai. Sai bayan an haye tsakiyar aikin, kunne ya jigata, sannan ƙahoni da ganguna su yi shiru, a bar kayan goge kaɗai suna jan wata doguwar waƙa mai sauƙi wadda ta yi kama da ta ibada. Da a farko ya kawo ta, da ta zama kiɗan ban-tausayi kawai, irin wanda ake ji a manta. Da yake an biya kuɗinta da minti ashirin da wani abu na wahala, sai ta zauna a zuciya. Bai kuma yaudari kowa ba: sautukan nan masu nauyi suna sake leƙowa bayanta, aikin ya ƙare a hankali, babu shelar nasara.

Ba a rasa abin faɗa. Nanatawar tana da yawa, kuma wanda bai saba da dogon kiɗa ba zai iya ƙosawa kafin a kai ga waƙar kayan goge. A wasu wuraren ƙarar takan yi kauri har muryoyin kayan kiɗa su haɗiye juna. Akwai kuma masu cewa Pettersson kukan kansa kawai yake yi. Wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba. Mai kukan kansa ba ya iya riƙe gini na minti 40 da 'yan sautuka ƙalilan, ya san inda zai ɗaure da inda zai saki. Aikin mutumin da ya zauna shekaru a tsakiyar ƙungiyar makaɗa ne, ya san abin da kowane kayan kiɗa zai iya ɗauka. Ya kuma nuna cewa ana iya rubuta kiɗan zamani mai ɗaci ba tare da an yar da karin da kunne ke iya bi ba, a lokacin da yawancin takwarorinsa na Turai suka juya wa irin wannan baya.

Pettersson ya rasu a 1980, ya bar simfoni 15 kammalallu. Na 1 da na 17 bai ƙarasa su ba. Christian Lindberg da ƙungiyar makaɗa ta Norrköping sun naɗe na 7 ga kamfanin BIS da sauti mai tsabta, amma faifan Doráti, mutumin da aka sadaukar wa aikin, har yanzu yana da zafin da ba a cika samu ba. Wanda zai fara sauraron Pettersson, ya fara da na 7, ya ware lokaci ya ji shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Idan aka tsinke shi aka ɗauki waƙar kayan goge kaɗai, an zubar da abin da ya ba ta daraja.