Ba a Gama da Waya Biyu Ba Tukuna

A 'yan shekarun nan an shiga yayin cewa zamanin jan waya zuwa mitar bututu ya wuce. Dillalan kayan masana'antu suna tallar na'urar aika sigina mara waya, wadda za a ɗaura a kan mitar da ke auna gudun ruwa ko mai, ta riƙa tura lissafi ɗakin kula ta iska. Matasan ma'aikata kuma sun fi ɗokin koyon saita na'ura da kwamfuta, aikin wayarin ya zama abin da ake bar wa yaran shago. Ina ganin wannan ɗoki ya zarce hankali, domin akasarin abin da ke sa mita ta yi ƙarya yana faruwa ne a wurin dasawa da ɗaurin waya, kuma cire waya ɗaya daga cikin tsarin bai taɓa waɗannan matsaloli ba.

Tsarin da aka saba da shi, na 4 zuwa 20 mA, ya gaji tsohon tsarin matsin iska na 3 zuwa 15 psi ne tun wajen shekarun 1950, kuma hikimarsa tana cikin lambar farko. Idan ruwa ya tsaya cak, na'urar tana aika 4 mA. Idan ya kai ƙarshen ma'auni, 20 mA. Rabi kuwa 12 mA. To duk ranar da aka ga sifili, ba sai an yi dogon bincike ba, ko waya ta tsinke ko wuta ta ɗauke. Ƙa'idar NAMUR NE43 ta ƙara da cewa na'urar da ta gane tana da matsala ta sauka zuwa 3.6 mA ko ƙasa, ko ta haura zuwa 21 mA. Waya biyu ne ke kai wa na'urar wutar volt 24, su ne kuma ke dawo da saƙo, kuma tsawon waya bai rage yawan wutar da ke zagayawa ba muddin ƙarfin tushen ya isa. Ma'aikaci da ƙaramar mitar gwaji a aljihu zai iya gano inda cutar take cikin mintuna. A wurin da kayan gyara sai an yi oda daga waje an jira watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A ɗauki mitar maganaɗisu, wadda matatun ruwa suka fi amfani da ita. Tana aiki da dokar Faraday: ruwa mai ɗaukar lantarki ya ratsa maganaɗisu, sai a samu ɗan ƙarfin wuta na 'yan milivolt a kan ƙusoshi biyu da ke taɓa ruwan. Sigina mai rauni haka, ƙaramin abu ke gurɓata shi. Idan bututun na roba ne kuma ba a sa zoben ƙarfe da ke haɗa ruwan da ƙasa ba, lissafi zai yi ta tsalle. Idan bututun bai cika ba, ko an dasa mitar dab da gwiwa ba a bar miƙaƙƙen wuri kamar ninki biyar na faɗin bututun kafin ta ba, ƙarya za ta yi. Idan an kwantar da wayar sigina a rami ɗaya da wayar famfo, musamman famfon da inbata ke juyawa kamar yadda ake yi a rijiyoyin burtsatse masu sola, hayaniyar wuta za ta shige ta. Rigar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar 4 zuwa 20 mA, a bisa al'ada gefe ɗaya kawai ake haɗa ta da ƙasa. Wanda ya haɗa gefe biyu don a ce ya yi aiki mai kyau, ya buɗe wa wata wutar hanyar yawo. Sai ɗan abin da ake rainawa: mashigar waya da ba a matse ba, da wayar da ba a lanƙwasa ta ƙasa ba kafin ta shiga akwati, damina ɗaya ta ishe su cika na'urar da ruwa. Eriya ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, iyakarta ta kai ƙaryar ɗakin kula ba tare da waya ba.

Masu goyon bayan mara waya suna da hujja, ba na musu. Wayar tagulla tana da tsada, haƙa rami ya fi ta tsada, ɓarayi kuma suna tone ta. WirelessHART, wanda ya fito a 2007 kuma yake aiki a zangon 2.4 GHz, ya dace da tanki mai nisa ko wurin da ake son kallo kawai. Amma batir ne ke riƙe da shi, kuma gwargwadon yawan aika saƙo gwargwadon saurin ƙarewarsa, shi ya sa ake tsawaita tazara zuwa daƙiƙoƙi, wani lokaci har minti. Bawul ɗin da ke daidaita zuba sinadarin kulorin ba zai jira haka ba. Ga shi kuma yawancin mitocin maganaɗisu da na Coriolis na masana'antu suna buƙatar wutarsu daban, ke nan ko an cire wayar sigina, sai an ja ta wuta.

Hujja ta biyu ta masu goyon bayan mara waya ita ce 4 zuwa 20 mA lamba ɗaya tak yake ɗauka, alhali na'urar zamani tana da bayanai da yawa. Gaskiya ne, sai dai tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Rosemount ya ɓullo da HART, wanda ke ɗora saƙon dijital a kan waɗannan wayoyi biyun da amo na 1200 da 2200 Hz, ba tare da ya taɓa lissafin asali ba. Sharaɗinsa ɗan resista ne na kusan ohm 250 a cikin zagayen, kuma ma'aikacin da bai san wannan ba zai wuni yana zargin na'ura lafiyayya. Ethernet-APL ma da aka ƙaddamar a 2021, mai gudun megabit 10, a kan waya biyu masu rigar ƙarfe yake tafiya, da iyakar mita 1000 a babban layi da 200 a reshe, kuma yana da nasa dokokin ɗaurin rigar da haɗa ta da ƙasa, waɗanda suka bambanta da na tsarin 4 zuwa 20 mA.