Rabon Gado a Kotunan Shari'a na Katsina: Ina Makomar Kason Maraya?

Tun shekarar 2000 da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kotunan shari'a ne ke ɗauke da nauyin ƙararrakin gado a birni da kewaye. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado da wasiyya da waƙafi, ya kuma haɗa da walicci a kan ƙananan yara da masu taɓin hankali. Doka ta ambaci batutuwan biyu tare, amma a aikace an fi kula da na farko, an bar na biyu a hannun al'ada.

Ta fuskar lissafin fara'ili, alƙalai ba su cika kuskure ba. A ɗauka mutum ya rasu ya bar gida a Rafindaɗi, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan hidimar jana'iza da biyan bashi da zartar da wasiyya daga sulusi, mas'alar tana gyaruwa daga 40: matar ta sami 5, kowane namiji 14, 'yar kuma 7. Matsalar tana tasowa ne idan babban ɗa ya nemi a sayar da gidan alhali ƙannensa ba su balaga ba. Sau da yawa akan kira dillalai su yi ƙima, a sayar, a danƙa kason yaran ga baffansu, a rufe shari'a. Daga nan babu mai sake tambayar inda dukiyar ta kwana.

Wannan ya saɓa wa abin da littattafan da alƙalan ke hukunci da su suka tsara. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, waliyyin dukiyar yaro shi ne uba, sai wasiyyinsa, sai alƙali ko wanda ya naɗa. Kaka da baffa da wa ba su zama waliyyan dukiya saboda zumunta kaɗai, kuma riƙon yaro daban yake da ikon juya dukiyarsa. Haka nan kafin alƙali ya sayar da kadarar maraya, sai maraicin ya tabbata, da rashin wasiyyi, da mallakar kadarar, da cewa ita ta fi cancanta a sayar, sannan a tallata ta har a rasa mai ƙari, farashin kuma ya zama na daidai. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, wanda ya rasu a 829 bayan Hijira, ita ma ta yi bayanin wasiyyai da waɗanda ake hana wa juya dukiyarsu. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i kuwa ta ɗora miƙa dukiya a kan ganin shiriya bayan gwaji, tare da kafa shaidu.

Masu kare wannan hali suna cewa baffa uba ne a wurin Bahaushe, neman lissafi daga gare shi kuwa yana ɓata zumunci, ga kuma cunkoson ƙararraki a kotuna. Uzurin yana da nauyi, amma bai kai ya kawar da hukunci ba. Baffa mai amana ba ya cutuwa da rubutu, hasali ma rubutun ne zai wanke shi ranar da yaran suka girma suka fara zargi. Ajiye kuɗin a asusu shi ma bai isa ba, domin tun faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin da aka sayar da gida da su ba lalle su sayi fili ba bayan 'yan shekaru.

Gyaran bai buƙaci sabon ijtihadi ba. Ya kamata duk hukuncin gado da ke da ƙaramin yaro ya zo da takardar naɗin wanda zai kula da kasonsa, da jerin abin da aka danƙa masa, da lokacin da zai riƙa kawo lissafi. Kada a sayar da gida ko gona sai an rubuta dalilin shari'a, kuma a fifita musanya kadara da kadara. Alƙali ne waliyyin wanda ba shi da waliyyi, wannan amanar kuwa tana wuyansa har ranar da maraya ya karɓi haƙƙinsa a gaban shaidu. Allah ne Mafi sani.