BABI NA UKU: TARKEN TSOFAFFIN ZANE-ZANEN GARIN BATH NA NATTES DA ROWLANDSON

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi tarken jerin zane-zane guda biyu da aka buga game da garin Bath da ke kudu maso yammacin Ingila. Na farko shi ne na Thomas Rowlandson mai suna The Comforts of Bath, wanda ya ƙunshi zane 12, aka kuma buga shi a Landan a shekarar 1798. Na biyu shi ne littafin zane-zanen John Claude Nattes da ya fito a shekarar 1806. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin za a iya kafa hujja da waɗannan zane-zane wajen sanin yadda gine-ginen garin da rayuwar titunansa suke a wancan zamani?

3.1 Garin da Masu Sayen Zanen

Bath ya yi suna ne saboda maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke tsakiyarsa, wadda zafinta ya kai kimanin digiri 46, take kuma fitar da fiye da lita miliyan ɗaya a kullum. A ƙarni na 18 masu hannu da shuni sun riƙa tururuwa zuwa garin don shan ruwan da yin wanka a cikinsa, musamman masu ciwon kumburin gaɓoɓi. Domin su aka gina Circus daga 1754 zuwa 1768, da jerin gidaje 30 na Royal Crescent da aka soma a 1767, da zauren taro da rawa na 1771, da gadar Pulteney da aka kammala a 1774.

Wajibi ne a san yadda ake yin zanen kafin a yanke masa hukunci. Akan barbaɗa garin ƙaro a kan farantin jan ƙarfe, a tsoma shi cikin ruwan asid don ya ci wuraren da ake son su yi duhu, a shafa tawada a buga a takarda, sannan a bi da launi da hannu. Aiki ne mai cin kuɗi, don haka masu sayensa su ne dai baƙin nan masu arziki. Wannan ya yi tasiri a kan abin da aka zana da abin da aka tsallake.

3.2 Zane-zanen Nattes

Ƙarfin Nattes yana wajen gini. Idan aka dubi zanensa na titin Milsom ko na Royal Crescent za a ga ya kiyaye tsarin tagogi da ginshiƙai da tsayin benaye, har mutum zai iya gwada zanen da ginin da ke tsaye ya ga sun dace. Haka kuma zanensa na cikin zauren shan ruwa ya nuna faɗin wurin da yadda haske ke shigowa ta dogayen tagogi. Ta wannan fuska aikinsa yana da amfani ga manazarcin tarihin gini, musamman da yake jiragen yaƙin Jamus sun yi wa garin ruwan bama-bamai a watan Afrilu na 1942, sannan hukuma ta rushe ɗimbin ƙananan gidajen ƙarni na 18 a shekarun 1960 da farkon 1970.

Rauninsa kuwa yana wajen mutane. Mutanen da ke cikin zanensa ƙanana ne, tsaf-tsaf, kuma an jera su ne don su nuna girman gini. Titunan shararru ne, babu cunkoso, da ƙyar a ga alamar rashin lafiya. Wannan abin dubawa ne, domin cuta ce tushen kasuwar garin, kuma tun 1742 aka buɗe asibiti a can don talakawan da ke zuwa neman magani da ruwan. Wato dai Nattes ya zana garin da baƙo zai so ya nuna wa danginsa idan ya koma gida.

3.3 Zane-zanen Rowlandson

Jigon Rowlandson shi ne zambo, kuma tun daga sunan jerin aka soma shi, domin abin da ya kira jin daɗin Bath wahala ce ya nuna. Tauraronsa tsoho ne mai ƙiba, ƙafa a naɗe da tsumma, likitoci sun kewaye shi. A wani zanen an ga masu wanka tsundum cikin ruwa da tufafinsu da hulunansu. A wani kuma majinyacin da ya zo neman sauƙi ne ake tura shi a keke zuwa kasuwar kifi yana zaɓen abin da zai ci. A zane na ƙarshe kekunan guragu sun ƙwace a kan gangara, masu su suna kifewa. Salon nan ya fito da abin da Nattes ya rufe, wato cuta da kwaɗayi da cunkoso, da kuma barori da masu turin keke waɗanda guminsu ke tafiyar da garin.

Duk da haka, ba za a ɗauki zanensa a matsayin rahoto ba. Zambo ba ya tafiya sai da kambamawa, don haka ƙibar ta wuce kima, faɗuwar ma an tsara ta ne don dariya. Gine-ginen kuma shimfiɗa ce kawai a bayan mutane, bai damu da ƙidayar tagoginsu ba. Bugu da ƙari, talakan da ya zana yana nan ne saboda yana yi wa mai kuɗi hidima. Ba a bi shi gida an ga inda yake kwana ba.

3.4 Abin da Dukansu Suka Bari

A nan ne masu zanen biyu suka yi tarayya. Unguwar titin Avon da ke bakin kogi, inda ma'aikata da matalauta suke zaune cikin matsi da ambaliya, ba ta sami gurbi a matsayin jigo a wurin kowannensu ba, alhali tafiyar 'yan mintoci ce daga zauren shan ruwa. Ita ce kuma unguwar da annobar kwalara ta fi yi wa ɓarna a 1832. Dalilin tsallake ta a fili yake: mai sayen zane ba zai biya kuɗi don a rataya masa ita a bango ba.

Akwai kuma rashin da ba laifinsu ba ne. Babban kwamin wankan Rumawa ba ya cikin zanen kowa, domin yana binne ƙarƙashin gidaje sai wajen 1880 aka tono shi. Wanda bai san wannan ba zai iya yi wa zane-zanen gurguwar fahimta.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a iya cewa kowane ɗaya daga cikin ayyukan biyu shaida ne a kan ɓangare guda. Nattes abin dogaro ne a kan siffar gini, amma ba a kan rayuwar titi ba. Rowlandson ya fi shi gaskiya a kan dalilin zuwan mutane garin da halayensu, muddin an cire gishirin da zambo ya ƙara. Idan aka auna su ta fuskar fasaha, aikin Rowlandson ya fi rai, domin kowane mutum a cikinsa yana wani abu da za a iya karantawa. Amma ko an haɗa su biyun, abin da za a samu shi ne Bath ta baƙi masu kuɗi. Mai son sanin rayuwar mazauna titin Avon sai ya nemi bayanan asibiti da na kotu da na masu kula da matalauta. A babi na gaba za a dubi yadda zuwan kyamara a tsakiyar ƙarni na 19 ya sauya wannan hoto na garin.